Kaka Ya Fito Sau Biyu a Bishiyar Zuri'a, In Goge Ɗaya?

Malam, ka ce iyayenka auren zumunci suka yi a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma kakansu ya fito sau biyu a Gramps, manhajar tsara bishiyar zuri'a. Kada ka goge tukuna.

Duba lambar da manhajar ta ba kowanne, irin I0012. In lamba ɗaya ce, ba matsala: mutum ɗaya ne, ta ɓangaren uwa da na uba aka zana shi. In lambobin sun bambanta, sau biyu ka shigar da shi. Fara ajiye kwafin bayananka, sannan ka danne maɓallin Ctrl ka zaɓi sunayen biyu, ka latsa Merge, wato haɗewa. Gogewa kan raba 'ya'yan da mahaifinsu. Haɗewa kuwa tana tattara su. Bayan haka ka duba matarsa, sau da yawa ita ma ta ninku.

Inda ake tafka kuskure shi ne suna. Garba, Habu da Abubakar na iya zama mutum ɗaya, alhali Abubakar biyu a gida guda na iya zama kaka da jikan da aka yi wa takwara. Tunda dattawanmu ba su da takardar haihuwa, gwada sunan uba, matan aure da laƙabi, ka tambayi tsofaffin gidan kafin ka haɗe.