Ga ƙanena mai son karatun lauya a Indiya

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka taho Indiya ka yi digirin farko na lauya, tunda kuɗin makaranta bai kai na Ingila ba. Ni dai shawarata, ka yi na farkon a gida, ka fito daga makarantar horas da lauyoyi, sannan ka zo nan digiri na biyu.

Dokar lauyoyin Indiya ta 1961 ɗan ƙasa ta tanadar wa rajista, baƙo kuwa sai da sharaɗi mai wuyar cikawa. In kuma ka koma gida da takardar waje, sai ka fara zama ajin share fage a makarantar horas da lauyoyi ta Bwari, Abuja, kafin ka shiga sahun sauran. Shekara biyar za ka kwashe a nan, amma ba za ka tsaya gaban alƙali ba a ko'ina sai ka ƙara wani zaman.

Kada wannan ya kashe maka gwiwa, domin akwai ilimi a ƙasar nan. Ka san dokar Final Kod, wato ta hukunta laifuka, da kotunanmu na Arewa suka soma aiki da ita a 1960? Daga ta Sudan aka kwafo ta, ta Sudan kuma daga ta Indiya ta 1860. Ranar da na fara buɗe tasu, na ga sassan da na haddace tun ina Zariya, lamba ce kawai ta bambanta. Su sun ajiye ta a ranar 1 ga Yulin 2024, sun kawo sabuwa.

Shari'ar da ta fi taɓa ni ita ce ta Hussainara Khatoon a 1979. Jarida ce ta ba da labarin mutanen da ke tsare a gidajen yarin jihar Bihar suna jiran shari'a, wasu sun daɗe fiye da hukuncin da za a yanke musu ko da an same su da laifi. Wata lauya, Kapila Hingorani, ta kai ƙara a madadinsu ba tare da sun ɗauke ta aiki ba. Kotun ƙoli ta ce gaggauta shari'a yana cikin haƙƙin rai da 'yanci da sashe na 21 na kundin tsarin mulkinsu ya ba kowa, aka saki dubbai. Wallahi ina karantawa ina tuna namu da ke jiran shari'a shekara da shekaru, babu mai tambayarsu. Sai dai har yau Indiyar ba ta rabu da ciwon ba, ƙararrakin da ke jibge a kotunanta sun haura miliyan 50.

Tunda ka yi karatun fiƙihu, ga inda za ka yi bincike mai amfani. Aure da saki da gadon Musulmi suna ƙarƙashin dokar 1937, amma alƙalin gwamnati ne ke yanke hukunci, ko da ba Musulmi ba ne, kuma galibin Musulmin Indiya Hanafawa ne, ba Malikawa kamarmu ba. A 2017 kotun ƙoli ta soke saki uku a lafazi ɗaya. Jami'ar Aligarh da Jamia Millia ta Delhi duk suna da tsangayar shari'a, ka duba su.

Ka fara koyon Hindi tun yanzu, don manyan kotuna ne ke aiki da Turanci, a ƙananan za ka ji yaren jiha. In Allah ya kawo ka, cikin kwana 14 ake rajista a ofishin baƙi, zan raka ka. Ka gaida Baba da Inna.