Kun Tambaya: Bindigar Soja da Ta Kanti, Kama da Wane Ba Ta Wane

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura gardama ta ƙi ƙarewa. Mun ga bidiyon wani kanti a Amurka ana sayar da bindiga sak M16 ta sojoji. Wasu sun ce ita ce, wasu sun ce ba ita ba ce. Ku raba mu. Daga mai karatunku a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, waɗanda suka ce ba ita ba ce sun fi kusa da gaskiya, amma uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wadda kuka gani AR-15 ce. Eugene Stoner ya tsara ta a kamfanin ArmaLite, Colt ya sayi zanen a 1959. Wadda sojan Amurka suka karɓa aka sa mata M16, ta farar hula kuma ta riƙe sunan asali.

Bambancin na ga ɗan makunnin da ke saman kunama, inda babban yatsa ke kaiwa. A ta soja matsayi uku gare shi: kulle, ɗaiɗai, da ɓari. A ɓari, muddin yatsa na kan kunama harsashi na fita, 700 zuwa 950 a minti. M16A2 kuwa, samfurin M16 da ya biyo baya, uku-uku take saki. Ta kanti matsayi biyu kawai: kulle da ɗaiɗai, ja ɗaya harsashi ɗaya. Kayan cikin ma da gangan aka ƙera su daban. Tun 1986 dokar Amurka ta hana sayar wa farar hula sabuwar mai ɓari.

Kada ɓarin ya ruɗe ku. AK na sakin kusan 600 a minti, wato harsashi 30 na magazin ya ƙare cikin daƙiƙa 3, baki na ɗagawa sama, yawancinsu iska suka samu. Shi ya sa ƙwararren soja ya fi zama a ɗaiɗai.

Sai tsawon baki. Na M4, gajeriyar 'yar'uwar M16 ta soja, inci 14.5 ne, ta kanti kuwa a can ba ta gaza inci 16 sai da rajista ta musamman. Inda mutane ke jin ciwo shi ne harsashi. 5.56 na soja da .223 na kasuwa a ido ɗaya suke, amma maƙogwaron bindigar soja, wato farkon bututun da harsashi ke bi, ya fi tsawo. A sa 5.56 a wadda aka yanka wa .223 kaɗai, matsi ya hau, kwanso ya maƙale ko hular gindinsa ta fice. Akasin haka ba matsala.

Haka G3 ta soja take da HK91 ta farar hula, AK kuma da Saiga ta mafarauta, wadda ake ƙerawa a Izhevsk ta Rasha, garin da AK ɗin kanta ke fitowa.

TAMBAYA: To tunda ɗaiɗai take harbi, zan iya neman lasisinta don gadin gona? Daga wani manomi a Daura.

AMSA: Baba, kada ka sa rai. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba makunni take dubawa ba. Ta kasa bindigogi uku. Kashin farko haramtattu: mashin-gan, fistol, da bindigogin soja masu faɗin harsashi 7.62 ko .303, waɗanda lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Na biyu irin mai baki ɗaya da mai baki biyu ta farauta, suna hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Irinta mai ɗura harsashi da kanta ba ta cikinsu. Na uku bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ita ce ta kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda aka kama da ta kashin farko ba lasisi, ɗaurin da dokar ta yanka bai gaza shekara 10 ba, kuma alƙali ba zai tambaye shi ko tana ɓari ba.