Bashi Hanji Ne: Amsar Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na ji an ce bashin gwamnatin Japan ya haura kashi 200 cikin 100 na arzikin ƙasar. Yaya kashi zai wuce ɗari?

Lissafin daidai ne, Hausar ce ta gurgunce. In aka ce "kashi kaza na abu", kunne yana jin an yanko ne daga jikin abin, yanki kuwa ba ya fin uwarsa. To bashi ba yankin tattalin arziki ba ne, gwada su ake yi. Ana tara duk abin da ake bin gwamnati, a auna shi da darajar kaya da ayyukan da ƙasar ta samar cikin shekara guda, abin da masana ke kira GDP. Da mai labarin ya ce "bashin Japan ya ninka abin da take samarwa a shekara fiye da sau biyu", da ba ka aiko da tambaya ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan "arzikin ƙasa" da ake ta maimaitawa. Arziki ya haɗa filaye da ma'adinai da duk abin da aka tara tun kaka da kakanni. Ma'aunin nan bai san da su ba, samun shekara kawai yake ƙirgawa. Mai saurare sai ya ɗauka ko an sayar da ƙasar ɗungurungum ba za ta biya ba, hankalinsa ya tashi a banza. Ko kashi 60 na iyakar bashi da ƙasashen Turai suka gindaya wa kansu a yarjejeniyar Maastricht ta 1992, da samun shekara aka auna shi. Ganganci ne a bar mutane cikin duhu kan abin da su za su biya da harajinsu.

Tambaya: Rance, aro da bashi duk ɗaya ne?

A'a. Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Rance, madadinsa za ka mayar. Bashi shi ne nauyin da ya hau kanka. Gwamnati rance take karɓa.

Tambaya: "Ƙasar tana bin bashi" daidai ne?

In ita ta ba da kuɗin. Wadda ta ci, ita ake bi.

Tambaya: Wani jami'i ya kare ciyo bashi da cewa "bashi hanji ne, yana cikin kowa". Ya yi amfani da karin maganar a muhallinta?

Rabi da rabi. Magabata sun faɗe ta ne don kada a wulaƙanta wanda ake bi, ba su ba kowa lasisin ci ba ji ba gani ba. Gaskiya ne da wuya ka sami gwamnatin da ba a binta. Amma Japan da kuɗinta na yen ta ciyo, akasari a hannun 'yan ƙasarta da babban bankinta, kuɗin ruwa kuma kaɗan. Zambiya ta kasa biya a 2020, Ghana da Sri Lanka a 2022, alhali ma'auninsu bai kai na Japan ba. Bashin waje na dala ne ya shaƙe su, kuɗin ruwa ya cinye babban rabo na kuɗin shiga. Sai a tambayi jami'in: wa ke binmu, da wane kuɗi, kuma nawa ke saura a baitulmali bayan an biya ruwa?

Tambaya: Me ya sa ake ce wa hukumar kuɗi ta duniya, wato IMF, Asusun Ba da Lamuni?

Lamuni yarda ce da tsayawa wa mutum har ya biya. Sunan ya dace, a bar shi haka.