Ku Tambayi Makanike: Kafin a Sauke Giyabos

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota RAV4 ƙirar 2002, mai giya otomatik. Kwanan nan in na sa ribas sai ta yi dam, kamar an daki bayanta, wani lokaci kuma in zan tashi sai ta yi nauyi ta ƙi jan jiki. Makanikena ya ce giyabos ya mutu, sai an sauke an sa wani, kuɗin da ya yanka kuwa ya kusa rabin kuɗin motar. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna.

RAV4 masu otomatik na 2001 zuwa 2003 an san su da wannan ciwon, kuma galibi ba daga giyabos yake tasowa ba. Daga kwamfutar motar ne, wadda mu makanikai muke kira birenbos, tana nan bayan akwatin ajiya na gaban mai zaman banza. Dalmar da ta riƙe ƙananan kayan da ke kan allon cikinta ce ke tsattsagewa saboda tsufa, sai kwamfutar ta riƙa ba giyabos umarnin banza: ya canza giya ba a kan lokaci ba, ko ya tayar da mota a giya ta uku. Nauyin nan da kake ji wajen tashi ke nan. Kamfanin Toyota da kansa ya amsa matsalar, har a 2010 ya ƙara wa waɗannan motoci garanti a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Wa'adin ya daɗe da wucewa, amma dai shaida ce cewa ba taka kaɗai ba ce.

A fara jona mata na'urar gwaji. In ta nuna lambobi irin P0750, P0755 ko P1760, zargi ya ƙara komawa kan birenbos. Sannan ka zaro sandar auna man giya da hannunka, ka goga a farin ƙyalle. In man ja ne, ba ya warin ƙuna, akwai kyakkyawan zaton giyabos ɗinka na da rai, gyaran dalmar kuwa ɗan abu ne in aka gwada da kuɗin giyabos. In ya yi baƙi yana ƙauri, ɓarna ta riga ta shiga ciki, sai an taɓa duka biyun. Ko a hakan ma birenbos za a fara gyarawa, don in aka ɗora wani giyabos a kan kwamfutar da ta lalace, shi ma haka za ta cinye shi.

Ni ban cika son birenbos na hannu ba, tunda shi ma sa'an naka ne, kuma ciwon gado ne. Gara a ba mai gyaran lantarki wanda hannunsa ya faɗa ya sake dalmar naka. Kafin nan ajiye motar, kowane dam ɗin nan kulocin ciki yake ci.

Tambaya: Tawa Honda CR-V ce ta 2005, mai jan taya huɗu. In na karya sitiyari sosai wajen fakin, sai in ji gurnani daga baya. Ga esi kuma ya yi wata ƙara ya ɗauke. An ce mini aksul ɗin baya sai sabo, esi kuwa kwamfireso kawai za a canza. Da wanne zan fara?

Amsa: Hajiya, wanda ya duba miki motar ya juya lissafin. Gyaran aksul ɗin da ya tsorata ki da shi ne mai arha.

Gurnanin nan yawanci man aksul ne ya tsufa. A zubar, a zuba na Honda mai suna Dual Pump Fluid II, wajen lita 1 yake sha. Kada ki yarda a zuba man giya na gama-gari, akwai kuloci a ciki da ba ya jituwa da shi. In ƙarar ba ta tafi duka ba, a ɗan yi yawo da motar a sake canzawa. A kuma duba tayoyin, su zama girma ɗaya.

Esi ɗin ne abin tsayawa. Kwamfireson CR-V na 2002 zuwa 2006 in zai mutu, sau da yawa farfashewa yake yi daga ciki, garin ƙarfe ya bi gas ya watsu cikin bututai da kondensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke huce zafin gas ɗin. Ramukan kondensa ƙanana ne ƙwarai, wanki ba ya fitar da garin duka. In aka ɗaura sabon kwamfireso a haka, sanyi zai dawo, ki ji daɗi, ba da jimawa ba garin ya zagayo ya kashe sabon, ki biya kuɗin kaya da na aiki sau biyu. Gyaran gaskiya shi ne a canza kwamfireso da kondensa da matacin da ke tsotse danshi da bawul ɗin da ke sakin gas, a wanke bututai tas. In garin ya kai tukunyar sanyi ta cikin dashbod, kuɗin aiki ya ƙaru sosai, don kwance-kwancen wurin ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba kowace mutuwa ce ke zuwa da gari ba, wani lokaci kulocin gaban kwamfireso ne kawai ko rilen wutarsa. Ki tsaya a kwance bututun da ya fito daga kwamfireso a gabanki, a lakato man cikinsa. In garau yake, gyaran zai zo da sauƙi. In ya yi toka-toka yana ƙyalli, ki canza man aksul yanzu, esi ya jira har kuɗin cikakken aiki su haɗu.