Oba-oba ta hannu ko rediyon mota? Amsoshi ga masu karatu na Legas

Wasiƙun wannan makon daga Legas suka fito, duk a kan rediyon 'yan sha'awa, wato masu lasisin zantawa da juna ta iska ba don kasuwanci ba. Na taƙaita tambayoyin saboda wuri.

Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina aiki a Apapa, rabin rayuwata a goslo take ƙarewa. Kwanan nan na samu lasisi. Wani ya ce oba-oba ta hannu ƙirar Baofeng ta ishe ni, wani ya ce asarar kuɗi ce, in tara in sayi ta mota mai wat 50. Wacce zan saya?

Wa alaikumus salam, barka da samun lasisi. Abokan naka duk a kan akwatin rediyon suka tsaya, babu wanda ya yi maka zancen eriya, alhali ita ce mai yanke hukunci.

Zangon da za ka fi aiki da shi a mota shi ne 144 zuwa 146 MHz, sai kuma 430 zuwa 440. Igiyar waɗannan zangunan miƙe take tafiya, kusan iya inda ido zai hango. Eriyar da ke kan rufin mota, mita 2 daga ƙasa, tana kaiwa wajen kilomita 6 a fili kafin ƙasa ta lanƙwashe ta tare ta. Motoci biyu ke nan wajen kilomita 12 tsakaninsu. Wannan a fili ne fa. A tsakiyar benayen Mushin ko ƙarƙashin gadar Oshodi ba za ka samu haka ba, amma ka hau gadar Third Mainland, ruwa hagu da dama, ka ji yadda muryoyi za su washe. Daga wat 5 zuwa 50 ninki goma ne a ƙarfi, amma ba ya ba ka ninki goman nisa. Yana dai taimaka maka a bakin iyaka, inda muryarka ta fara tsinkewa.

Matsalar oba-oba a cikin mota ita ce ƙarfen jikin motar yana tare mafi yawan abin da take fitarwa, ga ɗan guntun eriyarta na roba da tun asali ba wani abin kirki yake yi ba. Ka samo eriya mai maganaɗisu a gindi, tsawonta wajen santimita 50, ka dasa ta a tsakiyar rufi, ka haɗa da oba-obar. Kuɗin ba shi da yawa, bambancin kuwa sai ka yi mamaki. In aljihu bai da nauyi yanzu, nan za ka fara.

Amma tunda kullum kana bisa hanya, ni ta mota zan ce ka nufa, kuma saboda kunnenta ne, ba don yawan wat ba. Baofeng ba ta iya tace abin da ke shigo mata sosai. A gari irin Legas, mai cike da tashoshin FM da turakun sadarwa, da zarar ka ɗora mata eriyar waje sai ƙarfafan igiyoyin maƙwabta su toshe mata kunne, ka rasa mai kiranka ko da yana kusa. Tana kuma ɗaukar zafi a hannu in hira ta yi tsawo. Irin su Icom IC-2730 da Kenwood TM-V71 suna aiki a zanguna biyun, kuma fuskarsu tana cirewa, ka maƙala ta a gaba ka ɓoye gangar jikin. Sai dai kada ka bi shawarar ajiye ta a ƙasan kujera dab da daɓen mota. Wanda ya taɓa ratsa ambaliyar Legas a watan Yuli ya san inda ruwa ke fara shiga. Ka ɗaga ta sama, inda iska ke ratsawa.

Sai wayarin, inda aka fi yin ganganci. Rediyo mai wat 50 tana jan sama da amfa 10 in ka danna magana. Ramin cajar waya da ke gaban mota ba a yi shi don wannan ba: ko fiyus ya ƙone, ko wuta ta yi ƙasa muryarka ta riƙa rawa. Ka sa mai wayarin ɗin mota ya ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, fiyus ɗin kuma kusa da batir ɗin, sannan inda wayar ta ratsa ƙarfe a sa mata roba kada ta goge. Wayar eriya ta zama mai om 50, irin RG-58; ta dish da talabijin om 75 ce, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Ka ari ma'aunin SWR, mai nuna ko eriyar ta dace da rediyon, a gwada: ƙasa da 1.5 lafiya lau, in ya haura 2 a duba. Iskar teku tana cin mahaɗar waya, don haka ka naɗe ta da salatif mai hana ruwa. In za ka ajiye mota a Apapa, cire eriyar ka jefa a but.

Malam, ni a Idi-Araba nake. Ina jin mutane suna hira a rifita tangaram, amma in na yi magana babu mai amsawa. Rediyon ce ta lalace in sayi wata?

Malama, riƙe kuɗinki tukuna. Rifita na'ura ce da ake kafawa a wuri mai tsayi, tana karɓar murya mai rauni ta sake watsa ta da ƙarfi nan take, kamar ladanin da ke ɗaga kabbarar liman don sahun baya su ji. In eriyarta tana mita 100 daga ƙasa, tana iya hango wajen kilomita 40. Tunda tana ji tana faɗa lokaci guda, lambobi biyu take da su, ɗaya ta saurare ɗaya ta magana. A zangon 144, tazarar da aka saba ita ce 600 kHz ƙasa: in kina jin ta a 145.600, ke a 145.000 za ki yi magana. Ki duba fuskar rediyonki lokacin da kika danna. In lambar ba ta sauya ba, kuma babu alamar ragi a sama, to ba ki saita tazarar ba, a bakin rifitar kike magana ba a kunnenta ba. A zangon 430 tazarar ta bambanta daga rifita zuwa rifita, sai kin tambayi masu ita.

Na biyu, rifitoci da yawa ba sa buɗewa sai sun ji wani siririn amo da ke tafiya ƙarƙashin murya, ana ce masa CTCSS, misali 88.5 Hz. Ki samo nata, ki sa shi a ɓangaren aikawa kawai. In kika sa shi a ɓangaren karɓa kuma bai dace ba, ke ce za ki daina jin kowa. 'Yan ƙungiyar Nigeria Amateur Radio Society su ne za su faɗa miki lambobin da ke aiki a yankinku.

In duk wannan daidai ne, to ƙila muryarki ce ba ta isa, don jin rifita ba ya nufin ita ma tana jin ki. Gwada daga saman bene.

In kin shiga, ki saurara kafin ki yi magana. Danna, ki jira daƙiƙa guda, sannan ki faɗi lambar kiranki mai farawa da 5N, in ba haka ba farkonta zai yanke. Ki bar ɗan sarari bayan mai magana ya saki, ko akwai mai larurar gaggawa. Kada ki yi dogon jawabi, galibinsu suna da agogon da ke katse mai surutu bayan 'yan mintuna. Dannawa a saki ba tare da faɗin lamba ba, don kawai a ji ko ta amsa, rashin ladabi ne. In kina son sanin ko ke da abokin hirarki za ku iya jin juna ba tare da rifitar ba, danna maɓallin REV, mai juya lambobin nan biyu; in kin ji shi, ku sauka daga kanta ku bar wa na nesa. Ana kiran juna kai tsaye a 145.500, sannan a matsa wata lamba.

Ina da tireloli da ke lodi a tashar jiragen ruwa ta Tin Can zuwa Kano. Zan iya saya wa direbobina irin wannan?

Ranka ya daɗe Alhaji, a'a. Ƙa'idar duniya ta hana amfani da zangon 'yan sha'awa don harkar kuɗi, kuma lasisin na mutum ɗaya ne, ba ya rufe yaransa. Abin da ya dace da kai lasisin rediyon kamfani ne da lambarka ta kanka. Ko shi ma ba zai haɗa Legas da Kano da irin wannan rediyon ba. Ka kuma ja kunnen duk direban da ya sayi oba-oba a kasuwa: yawancinsu suna buɗe daga 136 zuwa 174 MHz, kuma 156.800 ta kiran agajin jiragen ruwa tana ciki, ga ku a bakin tashar jiragen. Wutar tirela kuma bolt 24 ce, rediyon mota 13.8 take so. In aka jona kai tsaye ta ƙone.

Na ga rediyon mota tokumbo a kasuwar Alaba, rabin kuɗin sabuwa.

Saya, in mai ita ya yarda a gwada a gabanka, da eriya a jiki, don danna magana babu eriya yana iya kashe ta. Je da wanda ke da ma'aunin wat da oba-oba, a ji fitarta a ji shigarta. Ka tabbata makirfonta na asali yana nan. In daga Amurka ta zo, tana aikawa har 148 MHz kuma tazarar da take sa wa kanta ta tsarin can ce, don haka ka kashe wannan ka saita da hannu, ka tsaya ƙasa da 146. Ka karɓi rasit mai lambar jikinta, ka haɗa da kwafin lasisinka a aljihun mota saboda shingen bincike.