Tambayoyin Masu Karatu: Dokina Ya Rame, Ga Sallah Ta Matso

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da ingarma da na gada daga mahaifina, kuma da shi nake fita hawan Sallah a tawagar hakiminmu. Tun shigowar bazara ya rame har haƙarƙarinsa ya fito, shi ne na ninka masa gero da dusa, amma sau biyu ke nan yana kwanciya yana birgima saboda ciwon ciki. Abokaina sun ce in ƙara masa kanwa. Mece ce shawararka? Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba dokin lafiya. Zatona, Malam, geron da ka ninka shi ne ya jawo wannan ciwo, domin tumbin doki ƙarami ne, da wuya ya wuce lita 15, kuma doki ba ya tuƙa kamar saniya, ba ya kuma iya amai. An halicce shi ne ya wuni yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Idan aka cika masa hatsi a lokaci guda, sai hatsin ya zarce babban hanji bai gama narkewa ba, ya yi tsami, ya tara iska, wani lokaci ma cutar ta sauka a kofato har dokin ya kasa taka ƙasa.

Saboda haka ka mayar da harawa da ingirici su zama ginshiƙin abincinsa. Doki yana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a kullum, wato mai nauyin kilo 350 zai ci wajen kilo 7, kuma ya kamata mafi yawansa ya zama ciyawa da harawa. Hatsin kuwa a raba shi sau uku, kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci guda, kuma duk wani ƙari ko sauyi a yi shi sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Harawar wake da ta gyaɗa suna da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba: suna ɗauke da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, wanda ya yi ƙaranci a dusa, kuma dokin da aka daɗe ana ɗora wa dusa zalla ƙashinsa kan yi rauni, fuskarsa ta kumbura. Amma ka riƙa shinshina harawar kafin ka saya, wadda ta yi fumfuna ka bar ta komai arharta. Haka nan ka nisanta shi da gyauron dawa da abincin kaji, kuma ka zuba masa abinci a komi, domin yashin da yake haɗiya daga ƙasa yakan taru a hanji.

Kanwa tsohuwar al'ada ce a bargarmu, ban kuma raina ta ba, sai dai ba ta sa ƙiba, yawanta kuma yana kawo zawo. Gishiri kaɗan da ruwa mai tsabta sun fi ta muhimmanci. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu doki yana iya shan fiye da lita 40 a rana, don haka kada bokitinsa ya bushe.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka ambaci haƙoransa da tsutsar ciki ba, alhali su ne sukan ramar da dokin da ke ci yana ƙoshi. Idan ka ga abinci yana zubowa daga bakinsa, ko ƙwayar gero tana fita a kashinsa yadda ta shiga, to turamen haƙoransa sun yi kaifi, sai likitan dabbobi ya goge su, ya kuma auna kashin kafin ya ba da maganin tsutsa. In ciwon cikin ya dawo, ka ɗauke abinci, ka ɗan zagaya da shi, ka kira likita nan take, kada ka ɗura masa komai, domin ɗurin yana iya faɗawa huhu. Idan har Sallah ta zo bai murmure ba, ina roƙonka ka ari wani dokin, ka bar wannan a turke bana.