Tambayoyin Masu Karatu: Wane Manifol Ya Dace da Camaro Ƙirar 1969?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Houston ne a Amurka, kuma na sayi Chevrolet Camaro ƙirar 1969 mai injin 350 (girmansa ke nan a ma'aunin kubik inci) da giya otomatik. Manifol ɗin shigar iska da ke kanta na ƙarfe ne, ya yi tsatsa, yana kuma yoyon baƙin mai ta baya. Wani abokina ya ba ni shawarar in sayi manifol Victor Jr. na kamfanin Edelbrock tare da kafireta mai lamba 750, wai su ne za su ba motar ƙarfi. Ranar Asabar da Lahadi kawai nake hawanta a cikin gari, ba tsere nake yi ba. Me ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa alheri. Shawarar abokinka ta dace da motar tsere, amma a taka motar za ta jawo maka asarar kuɗi da ɓacin rai.

Aikin manifol shi ne ya karɓi haɗin iska da fetur daga kafireta ya raba wa silinda takwas. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ɗaki ɗaya, wanda duk silindojin ke zuƙa daga buɗaɗɗen rami guda ta gajerun hanyoyi, akwai kuma mai ɗaki biyu, wanda aka raba cikinsa gida biyu, kowane ɓangare yana ciyar da silinda huɗu ta hanyoyi masu ɗan tsawo. Wannan rabon ne yake sa iska ta riƙa gudu da sauri ko da injin yana juyawa a hankali, kafireta ta saki mai daidai, mota ta amsa da zarar ka taka totur. Victor Jr. mai ɗaki ɗaya ne, kuma kamfanin da kansa ya tsara shi don juyi 3,500 zuwa 8,000 a minti. Motar da ke yawo a titunan Houston da giya otomatik kuwa yawancin rayuwarta tana yin ta ne ƙasa da juyi 3,000, wato za ka riƙa tuƙi a daidai inda wannan manifol ba ya aiki, motar ta yi nauyin tashi daga danja, silo ya ƙi zama.

Abin da ya dace da kai shi ne Performer mai lamba 2101, wanda yake aiki daga silo har zuwa juyi 5,500. Na alminiyom ne, bai kai rabin nauyin na ƙarfen ba, kuma tsayinsa ya yi kusa da na asali. Yayansa, Performer RPM mai lamba 7101, yana aiki daga 1,500 zuwa 6,500, amma sai an sauya kamshaf da kan silinda da salansa kafin amfaninsa ya fito, ga shi kuma ya fi tsayi, har matatar iska kan iya taɓa bonet. Idan zuciyarka ta karkata gare shi, ɗora ɗan curin yumɓu a kan matatar, ka rufe bonet a hankali, sannan ka auna kaurin da ya rage.

Sai dai kafin ka biya ko dala ɗaya, ka tabbatar da irin kan silindar da ke motar, domin motar da ta haura shekara 50 da wuya a ce ba a taɓa yi mata sauyin inji ba. Kan silinda na 1955 zuwa 1986 yana ɗaukar noti 12 na ɗaure manifol, kuma shi ne 2101 yake hawa. Daga 1987 zuwa 1995 notin 12 ne har yanzu, amma huɗun tsakiya an sauya musu kusurwa. Na Vortec, wanda ya fito a 1996, noti takwas ne a tsaye, kuma manifol ɗinsa daban ne ɗungurungum. Ƙirga notin, sannan ka cire murfin bawul ka karanta lambar da ke jikin ƙarfen.

Batun kafireta lissafi ne mai sauƙi, domin lambarta tana nuna yawan iskar da za ta iya wucewa ta cikinta a minti ɗaya. Ana ninka girman injin da iyakar juyinsa, a raba da 3,456. Idan ka ninka 350 da 5,500 ka raba, za ka samu kusan 557, alhali injin titi ba ya cika cikinsa da iska ɗari bisa ɗari, don haka ainihin buƙatarsa ba ta kai 500 ba. Mai lamba 600 ta ishe ka har da rara, kuma ka zaɓi wadda maƙogwaronta na baya ke buɗewa gwargwadon buƙatar injin, mai cok na lantarki. Idan ma kafiretar Rochester Quadrajet ce ta asali a kan motar, ni dai ba zan yi saurin yar da ita ba, domin ƙananan maƙogwaronta na gaba suna tattalin mai, kuma 2101 yana karɓarta kamar yadda yake karɓar kafiretar kamfanin Holley, abin da 7101 ba ya yi.

Yoyon da ka ambata galibi daga gaskit ɗin gaba da baya yake fitowa, shi ya sa makanikai da yawa ke ajiye na roba da ke zuwa a kwali, su shimfiɗa silikon mai kauri a madadinsa. A zubar da ruwan lagireto tukuna, a yi wa distiributa alama kafin a zare ta, a ɗaure notin daga tsakiya zuwa gefe da ƙarfin da takardar kamfani ta faɗa, sannan a sauya baƙin mai bayan an gama. A kuma duba wayar totur da wayar da ke saukar da giya idan an taka sosai, don sau da yawa sai an sayi sabon maƙali kafin su zauna daidai.

Tsohon manifol ɗin kuma ka wanke shi ka adana a gareji, domin masu sayen irin waɗannan motoci suna ƙara kuɗi idan kayan asali suna nan, ko da a kwali suke.